Jinin Baba ya sauka da kansa, amma ƙafafunsa suna kumbura

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina yana da shekara 76, tela ne da ya ajiye ɗinki 'yan shekarun baya. Ya fi shekara 20 yana shan maganin hawan jini, amma tun bara jininsa ya riƙa sauka har likita ya rage masa magani, kuma duk da haka yana jin jiri idan ya miƙe tsaye. Da farko mun yi murna, muna zaton ya warke. Sai dai yanzu ƙafafunsa suna kumbura, yana haki kafin ya isa masallacin ƙofar gida, kuma ba ya iya barci sai an tara masa matasai. Shekara 8 da suka wuce an yi masa aiki a wuyan hannunsa na dama, bayan shekara guda kuma aka yi a na hagu, saboda yatsunsa suna mutuwa da dare, aka ce ɗinki ne ya jawo. Da aka yi masa hoton zuciya da ake kira eko an ce bangon zuciyarsa ya yi kauri ƙwarai, likitan kuma ya ambaci wata cuta da ake kira amiloid, ya ce yana so a bincika. Yayan Baba ma da irin wannan kumburin ya rasu. A gida wasu suna cewa tsufa ne, wasu suna cewa cin nama da gishiri ne, wasu kuma suna cewa da sa hannu. Me ke jawo wannan cuta? Akwai abin da muka yi sakaci da shi? Mu 'ya'yansa tara ne, shin za mu gaje ta? Daga wata 'ya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa wannan ciwo ya zame masa kaffara, ya kuma saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da shi. Tun kafin in shiga bayani ina so ki riƙe likitan da ya ambaci amiloid hannu bibbiyu, domin abubuwan da kika jero, wato shekarun Baba, da aikin da aka yi masa a hannaye biyu, da saukar hawan jini ba tare da wani dalili ba, da kaurin bangon zuciya, da rasuwar yayansa, su ne ainihin abubuwan da ake koya wa likitocin zuciya su haɗa wuri guda su yi zargin wannan cuta. Gwaji ne kaɗai zai tabbatar da ita ko ya kore ta, amma zargin yana da tushe mai ƙarfi, kuma bai kamata a bar maganar ta shiririce ba.

Amiloid wani daskararren abu ne da ke taruwa a cikin nama idan wani furotin na jiki ya rasa siffarsa ta asali. Furotin da ya kamata ya kasance narkakke yana yawo cikin jini sai ya riƙa mannewa da juna, ya zama zare-zare masu tauri waɗanda jiki ba ya iya kwashewa cikin sauƙi. Idan suka taru a tsakanin ƙwayoyin tsokar zuciya, bangon zuciyar yakan yi kauri, ya kuma yi tauri. Ki ɗauki salkar fata da aka bari ta bushe: ba ta huje ba, amma ta daina buɗewa ta karɓi ruwa yadda ta saba. Haka zuciyar da amiloid ya cika take kasa sakin jiki ta cika da jini tsakanin bugu da bugu, sai jinin ya koma baya, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Wannan shi ne tushen hakin da Baba yake yi, da kumburin, da kasa kwanciya ba matasai.

An san furotin fiye da 30 da ke iya zama amiloid, amma guda biyu ne ke da alhakin kusan duk wanda ke kama zuciya. Na farko shi ne wanda ake kira TTR, wanda hanta ke sarrafawa domin ya riƙa ɗaukar sinadarin tairod da bitamin A a cikin jini. Shi kuma ta hanya biyu yake lalacewa: ko dai tsufa ya sa shi ya fara wargajewa alhali mutum bai gaji komai ba, ko kuma mutum ya gaji wani canji a ƙwayar halittar da ke sarrafa shi. Na biyu shi ne wanda ake kira AL, wanda ke fitowa daga wasu ƙwayoyin ɓargo da suka kauce wa tsari. Hadarin kowanne daban ne, maganinsu daban ne, saurin ɓarnarsu ma daban ne, don haka kada ku gamsu da a ce muku amiloid ne kawai, ku nemi a faɗa muku wane iri ne.

Babban abin da ke jawo nau'in TTR wanda ba na gado ba shi ne shekaru. Da wuya a gan shi kafin shekara 60, kuma yawancin waɗanda ake ganowa sun haura 70. A ƙasar Finland an binciki zukatan mutanen da suka rasu suna da shekara 85 ko fiye, aka sami amiloid na TTR a cikin kashi 25 cikin 100, kamar yadda aka buga a 2008, ko da yake ba dukansu ba ne tarin ya kai ga sa su rashin lafiya. A Sifaniya kuma, a 2015, an duba mutane 'yan shekara 60 zuwa sama da aka kwantar saboda gazawar zuciya, waɗanda bangon zuciyarsu ya yi kauri amma tana matsa jini yadda ya kamata, sai aka tarar kashi 13 cikin 100 wannan cuta ce ke damunsu. Waɗannan alƙaluma su ne suka sa likitoci suka daina kallon ta a matsayin cutar da ba kasafai ake gani ba. Bayan shekaru sai jinsi, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gano suna da wannan nau'i maza ne. Sai dai a yi hattara da wannan lissafi, saboda bangon zuciyar mace bai kai na namiji kauri ba tun asali, don haka akan daɗe ba a yi zargin cutar a jikin tsofaffin mata ba.

To, masu cewa tsufa ne sun kama wani ɓangare na gaskiya, amma inda nake saɓa musu shi ne abin da sukan nufa da maganar, wato a haƙura a zauna a gida. Haki a ƙofar masallaci da kumburin ƙafa alamun cuta ne masu suna da magani, ko a jikin ɗan shekara 90. Batun nama da gishiri kuwa, ki kwantar da hankalin mutanen gida: furotin ɗin da ke zama amiloid jiki ne ke sarrafa shi da kansa, cin nama ko ƙwai ko wake ba ya haddasa shi, kuma hana Baba waɗannan zai ƙara masa rama ne kawai. Gishiri yana ƙara kumburi bayan zuciya ta riga ta gaza, amma ba shi ya ajiye amiloid a cikinta ba. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba a san wani abinci ko motsa jiki ko magani da ke hana ta somawa ba, saboda haka babu wani sakaci da za ku ɗora wa kanku. Su kuma masu maganar sa hannu, ki tausasa harshe ki nuna musu cewa wannan abu ne da ake gani a hoto, ake kuma aunawa a jini. Addu'a tana da muhallinta kullum, amma ina roƙon kada a ɗura wa Baba jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, domin da yawansu akwai kanwa da gishiri, wasu kuma suna taɓa ƙoda.

Maganar wuyan hannu ita ce ta fi jan hankalina a wasiƙarki, kuma ita ce mafi yawan iyalai ba sa kawowa gaban likitan zuciya, don ba su ga abin da ya haɗa hannu da zuciya ba. A wuyan hannu akwai wata 'yar ƙuntatacciyar hanya da wata jijiya ke bi zuwa babban yatsa da manuni da na tsakiya. Amiloid na TTR yakan fara taruwa a irin waɗannan wurare tun zuciya tana lafiya, ya matse jijiyar, mutum ya riƙa farkawa da dare yatsunsa sun mutu ko yana jin kamar ana tsira masa allura. Sau da yawa wannan yana riga ciwon zuciyar da shekara 5 zuwa 10, wanda ya yi daidai da lissafin da kika bayar. Gaskiya ne ɗinki da sauran sana'o'in hannu suna jawo irin wannan matsewa, haka ma ciwon sukari da ƙiba, kuma yawancin masu ita ba su da amiloid. Amma idan ta kama hannu biyu a jikin dattijo, sannan daga baya zuciya ta fara gazawa, to dole a sake kallon ta da wani ido. A wani asibiti da ke birnin Cleveland na Amurka an gwada naman da aka yanko daga wuyan hannun maza 'yan shekara 50 zuwa sama da mata 'yan 60 zuwa sama a lokacin irin wannan aiki, aka sami amiloid a cikin kusan kashi 10 cikin 100, kamar yadda aka bayyana a 2018.

Akwai 'yan'uwan wannan alama da ya kamata ki tambayi Baba a kansu. Ɗaya ita ce ciwon ƙugu da ke sauka ƙafafu idan ya yi tafiya ko ya daɗe a tsaye, ya kuma lafa idan ya zauna ko ya sunkuya, wanda ke faruwa idan hanyar laka a ƙasan ƙashin baya ta ƙuntata. Wata ita ce tsinkewar jijiyar damtse ba tare da wani babban rauni ba, inda tsokar take dunƙulewa wuri guda idan ya lanƙwasa hannu. Akwai kuma mutuwar tafin ƙafa, da gudawa da ke musanya da taurin ciki, da rikicewar bugun zuciya, da ƙuntatar ƙofar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, wadda binciken da aka yi a Amurka a 2017 ya nuna kusan kashi 16 cikin 100 na tsofaffin da aka kawo don gyara ta suna ɗauke da amiloid. Ki rubuta duk wadda ya taɓa samu da shekarar da ta fara, ki kai wa likita a takarda ɗaya, domin likitan ƙashi ne ya ga hannu, wani ya ga baya, wani ya ga zuciya, kuma ku 'yan gida ne kaɗai kuka ga duka.

Saukar jinin da kuka yi murna da ita ma alama ce. Hawan jini na shekara 20 ba ya warkewa haka kawai a jikin dattijon da bai rage ƙiba ba, bai canza komai ba. Idan ya sauka da kansa, har magungunan da ya daɗe yana sha suka fara sa shi jiri, ɗaya daga cikin dalilai shi ne zuciyar ta daina iya tura isasshen jini a kowane bugu, ko kuma jijiyoyin da ke daidaita jini idan mutum ya miƙe sun taɓu. A nan ne cutar ta fi ɓuya a ƙasashenmu. Hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya a Afirka kudu da Sahara, inda wani bincike na ƙasashe 9 da aka buga a 2012 ya ɗora masa kusan kashi 45 cikin 100, kuma shi ma yana sa bangon zuciya ya yi kauri. Saboda haka idan dattijo mai tarihin hawan jini ya zo da kaurin bango, abin da ya fi sauƙi shi ne a ce hawan jinin ne, a wuce. Abin da ke tona asirin amiloid shi ne rashin daidaito: kaurin ya wuce abin da hawan jinin zai iya jawowa, sannan a takardar gwajin ECG, wanda ke auna lantarkin zuciya, layukan ba su yi tsawon da ya dace da irin wannan kauri ba, domin abin da ya cika bangon ba tsoka ba ne mai ɗaukar lantarki.

Yanzu ga tambayar da na san ita ta fi hana ki barci, wato gado. An gano canje-canje fiye da 100 a ƙwayar halittar TTR, kuma wasunsu suna da mazauni sananne. Akwai wanda ya yi yawa a arewacin Fotugal da arewacin Suwidin da wasu yankunan Japan, wanda ya fi kama jijiyoyin ƙafa tun mutum yana da sauran ƙuruciya a wasu dangogin. Wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne wanda ake rubutawa V122I, ko V142I a sababbin takardun gwaji, duk abu ɗaya ne. Kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka suna ɗauke da shi, kuma asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, cinikin bayi ne ya tsallakar da shi teku. Binciken da aka buga a 2016 kan samfurori daga sassan Afirka ya nuna ya fi yawa a Saliyo da Gini da Kwaddibuwa da Burkina Faso da Ghana da Najeriya. A Landan kuma, a 2016 ɗin, an ba da rahoton cewa cikin baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka da Karebiyan da ke zuwa wani asibiti da gazawar zuciya, kusan kashi 11 cikin 100 wannan nau'in ne ke damunsu. Abin da ke ci mini rai shi ne an fi nazarin wannan cuta a jikin jikokin waɗanda aka kwasa daga yankinmu fiye da yadda ake neman ta a jikin dattawanmu da ke zaune a inda ta samo asali. Wannan nau'i zuciya ya fi kamawa, yakan bayyana bayan shekara 60, kuma yana kama maza da mata.

Rasuwar yayan Baba da kumburi ba hujja ba ce ita kaɗai, domin ƙoda da hanta da hawan jini duk suna kumbura mutum, amma dalili ne na a yi wa Baba gwajin ƙwayar halitta idan aka tabbatar nau'in TTR ne. Idan gwajin ya nuna babu canji, to nau'in tsufa ne, kuma ku ba ku gaji komai ba. Idan ya nuna akwai, kowane ɗayanku yana da damar rabi da rabi ta ɗauka, kuma lissafin na kowane mutum ne shi kaɗai, ba wai dole a sami huɗu ko biyar cikin ku tara ba. Kada ki auna shi da sikila, inda sai uwa da uba sun haɗu sun bayar kafin cuta ta bayyana, domin a nan kwafi ɗaya daga uba ko uwa ya isa ya ɗaga hadari. Wanda ya gaji biyu, abin da auren zumunci ke iya ƙara yiwuwarsa a dangin da ke ɗauke da canjin, yakan fara ciwon da wuri. Sai dai ɗaukar canjin ba ya nufin dole cutar ta bayyana, kuma da yawa daga masu shi suna tsufa ba tare da ta kwantar da su ba.

Shawarata ita ce kada kowa a cikinku ya je gwaji kafin a san sakamakon Baba. Idan ya tabbata na gado ne, waɗanda suka fi cancanta a fara da su su ne ƙannensa da ke raye, maza da mata, sannan manyanku da suka kai shekara 50 ko suka doshe ta, domin abin da aka saba shi ne a fara sa ido kan mai ɗauke da canjin kimanin shekara 10 kafin shekarun da cutar ta bayyana a danginsa. Ba a gwada yara ƙanana, tun da babu abin da za a yi musu, kuma hakkinsu ne su yanke shawara idan sun girma. Ina kuma jan hankalinku da ku riƙe sakamakon a matsayin sirrin mai shi. Mun san yadda magana ke yawo a unguwa har ta ɓata wa yarinya aure, alhali wannan abu ne da, idan ma zai taɓa mutum, galibi sai bayan ya haura 60.

Duk da cewa alamun Baba sun fi karkata ga TTR, nau'in AL ne za a fara korewa, kuma a yi shi cikin gaggawa. Dalili shi ne saurinsa, domin idan ya kai ga gazawar zuciya ba a yi magani ba, rabin masu shi ba sa wuce kimanin wata 6, alhali nau'in TTR yakan ɗauki shekaru yana tafiya a hankali. AL ba a gadonsa kai tsaye. Hadarinsa yana ƙaruwa da shekaru, kuma ya fi kusa da masu kansar ɓargo da ake kira mayeloma, da masu wani yanayi da ke gabatarta, inda ake samun wani furotin na daban a jini ba tare da mutum yana jin komai ba. Wannan yanayi ya fi yawa a jikin baƙar fata, kuma wani bincike da aka yi kan maza a Ghana, wanda aka buga a 2007, ya same shi a kusan kashi 6 cikin 100 na 'yan shekara 50 zuwa 74, wato kusan ninki biyu na abin da aka samu a jikin fararen fata a Amurka. Alamun da ke nuni ga AL sun haɗa da fitsari mai yawan kumfa, da girman harshe har shatin haƙora ya fito a gefensa, da taruwar jini a fatar da ke kewaye da ido ba tare da an buge ba, da rama mai sauri. Akwai wani nau'i na uku da ke bin ciwon da ya daɗe yana ruruwa a jiki, kamar tarin tibi ko ruɓar ƙashi, amma shi ƙoda ya fi kamawa, da wuya ya taɓa zuciya.

Tsarin binciken yana da jeri, kuma tsallake shi na iya jawo kuskure mai tsada. Ana farawa da gwajin jini da na fitsari masu neman furotin ɗin ɓargo, kuma guda uku ne, ɗaya yana auna yawansa a jini, biyu suna tantance irinsa a jini da fitsari. Idan duka suka fito lafiya, sai a yi wani hoto na sashen nukiliya, irin wanda ake yi wa ƙashi, inda ake allurar wani sinadari da ke maƙalewa a zuciyar da amiloid na TTR ya cika. Tun 2016 aka amince cewa idan wannan hoto ya nuna ƙarara, gwajin furotin ɗin ɓargon kuma ya fito lafiya, ba sai an yanko nama daga zuciya ba. Idan kuwa gwajin furotin ɗin ɓargon ya nuna wani abu, to sai likitan jini ya shigo, kuma akan buƙaci a ɗebi ɗan nama a duba, domin dattijo na iya samun wancan furotin a jini alhali amiloid ɗinsa na TTR ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja suna da sashen nukiliya, amma ku bari likitan Baba ya tuntuɓe su ya tabbatar ana iya yin wannan hoton a lokacin kafin ku ɗauki dattijo mai haki ku hau hanya. Hoton MRI na zuciya ma yana taimakawa, sai dai ba ya bambanta nau'in.

Game da magani, ba zan ɓoye miki ba, maganin da ke rage saurin nau'in TTR yana da tsadar da ta fi ƙarfin yawancin iyalai. A gwajin da aka yi wa maganin da ake kira tafamidis kan mutum 441, wanda aka buga a 2018, kusan kashi 30 cikin 100 na masu shansa ne suka rasu cikin wata 30, alhali a cikin waɗanda ba a ba su shi ba kusan kashi 43 ne, kuma waɗanda aka fara wa da wuri sun fi amfana. Amurka ta amince da shi a 2019, aka sa masa farashin dala 225,000 a shekara, sannan wani maganin, acoramidis, ya biyo baya a 2024, vutrisiran kuma aka amince da shi don zuciya a 2025. Nau'in AL kuwa da magungunan mayeloma ake yaƙar sa, waɗanda likitocin jini a asibitocin koyarwa suka saba aiki da su.

Za a iya samun wanda zai ce mene ne amfanin bincike idan maganin ya fi ƙarfin aljihu, kuma amsata ita ce sanin cutar kaɗai yana canza yadda ake kula da mai ita. Wasu magungunan da ake ba masu gazawar zuciya ta yau da kullum suna iya wahalar da mai amiloid. Masu rage saurin bugu suna iya ƙara masa kasala, domin zuciyar da ba ta cika sosai da yawan bugu take rama abin da ta rasa, masu sauke jini kuma suna iya kayar da shi. Ana guje wa verapamil da diltiazem, digoxin kuma sai da taka-tsantsan ƙwarai. Kada ku tsayar da komai da kanku, amma ku kwashi duk abin da yake sha, har na kemis da na gargajiya, ku zube a gaban likita. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda dattawa ke saye don ciwon baya da gwiwa, suna riƙe ruwa a jiki suna kuma taɓa ƙoda, don haka a janye su. Ginshiƙin kulawar shi ne maganin sa fitsari irin su furosemide, wanda ake daidaita shi sannu a hankali, domin idan ya yi kaɗan ruwa ya taru, idan ya yi yawa jiri ya ƙaru. Idan aka gano bugun zuciyarsa ya rikice, yana buƙatar maganin hana gudan jini, saboda masu amiloid suna cikin babban hadarin shanyewar ɓarin jiki, idan kuma bugun ya yi ƙasa sosai akwai na'urar da ake dasawa ta daidaita shi.

A gida, ku sami ma'aunin nauyi ku riƙa auna shi kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya karya, ku rubuta. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, kuma dalili ne na kiran likita ko da bai fara jin komai ba. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa a tukunyarsa, a bar masa nama da kifi da ƙwai gwargwadon hali. Ya riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, musamman idan ya tashi sallar asuba, kuma idan tashi daga sujada yana sa shi jiri ya yi sallarsa a zaune. Batun azumi a tattauna shi da likita da malami tun kafin watan ya kama, domin haɗa maganin sa fitsari da ƙishirwar yini a jikin mai saukar jini na iya jawo suma ko ya taɓa ƙoda. Idan ya suma, ko numfashi ya gagare shi yana zaune, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko fitsarinsa ya ragu ƙwarai, a kai shi sashen gaggawa nan take, kada a jira ranar da aka ba shi ta ganin likita.